Ada Foah: Garin Hutu da Ya Kasance Ƙofar Gishiri

A yau idan aka ambaci Ada Foah a ƙasar Gana, hutun ƙarshen mako ne ke faɗo wa mutane a rai. Garin yana gabas da Akra da tafiyar kimanin kilomita 100, daidai inda kogin Volta ke zuba cikin teku. Masu hali kan kama ɗaki a bakin ruwa, su yi tseren jiragen ruwa masu inji, su kewaya tsibirai cikin kwalekwale. Wasu kuma kan raba dare a kan rairayi don ganin kunkurun teku sun fito yin ƙwai.

Amma mu mutanen zango, dangantakarmu da wannan gari ta girmi shaƙatawa. Yamma da shi akwai tafkin Songor, wanda ruwansa ke ƙafewa da rani ya bar gishiri a ƙasa. Mutanen Ada, 'yan ƙabilar Dangme, su ke kwasar gishirin, a loda shi a kwalekwale, a hau kogi da shi zuwa Kete Karaci da Yeji, har ya isa kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja. A can fataken Kano da Katsina da Barno suke sauke ayari don sayen goro. Da yaƙin basasa ya wargaza Salaga a 1892, fatake da malamai da yawa suka koma Kete, zangonta ya bunƙasa, cinikin gishirin Ada na cikin abubuwan da suka raya shi. A nan Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya yi limanci har ya rasu a 1934.

Turawa ma sun san darajar bakin kogin. Mutanen Danmak sun gina ganuwar Kongensten a Ada a 1783, Ingila ta saye ta tare da sauran ganuwoyinsu a 1850. A 1873 kuwa, lokacin yaƙin Asante, nan Kyaftin Glover ya kafa sansaninsa da sojojinsa Hausawa.

Daga baya layin dogo da motoci suka janye kaya daga kan ruwa. Da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, sai hanyar kwalekwale ta yanke, tafkin da ya taru ya haɗiye tsohon garin Kete Karaci. Madatsar ta kuma tare yashin da kogin ke kai wa gaɓa, teku ta ƙara cin ƙasa, har yawancin ganuwar Kongensten ta shige ruwa.

Ke nan alamun wannan tarihi suna ɓacewa ta kudu da ta arewa. Abin da ya rage shi ne Songor, inda har yau ake kwasar gishiri. Duk wanda Allah ya kai shi Ada hutu a cikinmu, ya ware yini guda ya kai 'ya'yansa tafkin, ya gaya musu inda gishirin yake zuwa da, da kuma waɗanda suke jiransa a zango.