Daga Kakalaba zuwa El Buhari: shekarun yunwa da abin da suka bar mana

 A shirinmu na manoma na daren jiya wani dattijo ya kira, na tambaye shi shekarunsa, sai ya ce bai san lissafin Nasara ba, amma auren fari ya yi shi shekara guda bayan El Buhari. Mun yi dariya a studiyo, sai dai maganar ta kwana cikin raina. A lakkol mun haddace shekarun yaƙe-yaƙen Turai da faransanci, amma kalandar da iyayenmu ke ƙirga rayuwa da ita, ta yunwa ce.

Ta farko da tsofaffi ke ambata ita ce Kakalaba, 1913 zuwa 1914. Ruwa ya ƙi, hatsi bai yi ba daga nan har ƙasar Kano, ga kuma haraji na Turawan mulkin mallaka wanda bai san fari ba. Mutane suka watse, wasu suka mutu bisa hanya. Bayan yunwar 1931, wadda fara ta haddasa musamman a yammacin ƙasa, Faransawa suka matsa wa ƙauyuka su riƙa ajiye hatsi a rumbunan tsimi. Talakawa sun ƙi jinin abin don da bulala aka zo da shi, amma dabarar kanta ba baƙuwa ba ce: magidanci na da can ba ya buɗe rumbun bana sai na bara ya ƙare.

Sai farin 1973 zuwa 1974, wanda ya kashe dabbobi ba adadi. Yadda aka yi da taimakon abinci yana cikin dalilan da sojoji suka bayar lokacin da Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afirilu 1974. Shekara goma bayan haka, a 1984, damana ta sake lalacewa, kuma a shekarar nan gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakar Najeriya. Mu da ke cin kasuwa da Katsina da Daura, hanyar garin rogo da ta cin rani duk ta toshe. Shi ya sa sunan ya bi yunwar har yau.

Ta 2005 kuwa da idona na gan ta, ina ɗan yaro. Fara da ƙarancin ruwa sun taɓa damanar 2004, amma hatsi bai ɓace daga kasuwa ba. Kuɗinsa ne ya fi ƙarfin talaka. Wanda ya sayar da tiya da araha a kaka don biyan bashi, shi ne ya dawo saye da tsada a tsakiyar damana. Mata suna jiƙa anza kwana da kwanaki don cire ɗacinta, cibiyoyin tamowa na jihar Maradi suka cika da yara. Jihar da ake kira rumbun ƙasa ke nan fa!

To amma cikin wahalar 1984 wani abu ya tsiro. Wani ɗan Ostiraliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan SIM a Maradi, ya lura cewa kututturan da muke sassabewa duk shekara saiwarsu na da rai. Aka ce manomi ya bar rassa biyu zuwa biyar masu ƙarfi, ya aske sauran. Da farko don abincin taimako aka yarda, da yunwa ta wuce da yawa suka sare. Waɗanda suka bari suka ga iska ta daina binne shuka, ga itacen girki, ga harawar dabbobi. Wannan shi ne sassaben zamani, kuma masana sun ƙiyasta ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar. Gawo, kalgo da sabara da kuke gani cikin gonakinmu, yawancinsu ba dasa su aka yi ba, ƙyale su aka yi.

Yau haɗarin ya ƙaru da fuska ta biyu. Ambaliyar 2024 ta rusa gidajen ƙasa da rumbuna, kuma jihar Maradi na cikin waɗanda suka fi asarar rayuka. Ruwa kan makara, ya tsaya tsakiyar damana, sannan ya zubo na wata guda a dare ɗaya.

Saboda haka shiri tun kaka ake yin sa. A ware iri da cimakar watannin rani da damana kafin a kai ko tiya ɗaya kasuwa. Inda akwai bankin cimaka, a sa ido kan kwamitinsa, a nemi lissafi a fili, don yawancin waɗanda suka mutu bashin da ba a biya ba ne ya kashe su. A haɗa irin gida da mai saurin nuna irin HKP na INRAN. A saurari bayanin meteyo kafin a zuba iri duka a ruwan farko. A ɗaga rumbu bisa tudu, a yashe magudanan ruwa tun bazara, kar a yi gini a bakin kwari ko cikin hanyar Gulbin Kaba don an ga ya daɗe a bushe.

Ku tambayi tsofaffin gidanku wane suna aka ba kowace yunwa a garinku, da abin da aka ci aka tsira. Ku kawo mana, za mu karanta a shirin mako mai zuwa. Allah ya ba mu damana mai albarka.