Daga Wankan Jego zuwa Gashin Likita: Tarihin Kula da Ƙugun Mace a Ƙasar Arewa

Duk wanda ya ratsa Ɗan Kassari a kan babbar hanyar da ta taso daga Dogon Dutsi ta nufi Birnin Ƙonni, ya san cewa ƙasa ce wadda ba ta raina mace a tarihinta ba. A cikin wannan karkara Lugu take, inda Sarauniya Mangu ta tari rundunar Voulet da Chanoine a shekarar 1899. Sai dai akwai wani tarihin na mata wanda maroƙa ba su wasa shi, malaman makaranta kuma ba su koyar da shi, domin kunya ta lulluɓe shi: tarihin abin da haihuwa take yi wa ƙugun mace, da irin hannuwan da suka yi ta ƙoƙarin gyara ɓarnar.

A ƙasan ƙashin ƙugu akwai wata shimfiɗar tsoka, kamar ragaya, wadda take riƙe da mafitsara da mahaifa da ƙarshen hanji. Ita ce take tsare fitsari har mace ta kai makewayi, ita ce kuma take buɗewa ɗa ya wuce. Mutanen da ba su ba ta suna ba, amma sun san wurin yana buƙatar jinya. Shi ya sa suka kafa jego. Yarinya mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki. Idan ta sauka, sai a ɗora tukunya safe da yamma, a yi mata wanka da ruwa mai tsananin zafi ana fyaɗa mata da ganye, ta zauna cikin ruwan ɗumi, ta sha kunun kanwa, ta ci nama mai yaji, har kwana arba'in, wani lokaci ma fiye. Ungozoma da uwa da gwaggo su ne likitocin. A tunaninsu, sanyi ne abokin gabar mai jego, wuta ce maganinsa.

Ba a kyauta wa wannan al'ada ba idan aka ce jahilci ce zalla. Ta gane abu guda wanda asibitoci da yawa suka daɗe ba su gane ba, wato haihuwa ba ta ƙarewa ranar da aka yanke cibi. Ta ɗauke wa mace taɓarya da guga na makonni, ta nisanta ta da shimfiɗar miji har rauni ya warke. Amma ta zo da nata lahanin. A shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry sun bi diddigin mata 224 a Zariya waɗanda zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka kuma danganta yawan ciwon da gishirin da ke cikin kanwa da zafin da ake ɗora wa jiki. Wani abin kuma, jego jinya ce ta wadda ta haihu lafiya. Ba shi da abin da zai yi wa wadda naƙuda ta tsaya mata.

A nan ne tarihin yake yin ɗaci. Idan kan ɗa ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ya cije kwana biyu ko uku, yakan danne naman da ke tsakanin farji da mafitsara a jikin ƙashi har jini ya daina kai wa gare shi. Naman ya mutu, bayan ƴan kwanaki ya zube, ya bar rami. Galibi ɗan bai zo da rai ba, uwar kuma ta tashi da yoyon fitsari dare da rana. Dannewar nan ba ta barin jijiyoyin ƙafa, don haka sau da yawa mace takan fito tana jan ƙafa, ba ta iya ɗaga tafinta. Kunyar ɗan fari, wadda take hana yarinya yin kuka, da jiran izinin maigida, da nisan hanya a kan amalanke, duk sun taimaka wa wannan masifa. Aska ma ta sa hannu: yankan gishiri, wanda ungozoma ko wanzami suke yi don a buɗe hanya, yakan zarce har mafitsara. Binciken da Dakta Tahzib ya wallafa a 1983 a kan mata 1,443 da aka duba a Zariya ya nuna cewa doguwar naƙuda ce ta jawo kusan kashi 83 cikin ɗari, yankan gishiri kuma kashi 13.

Ɗinke ramin ya samo asali ne daga nesa, kuma asalinsa ba mai daɗin ji ba ne: Marion Sims ya gwada dabarunsa a Amurka a shekarun 1840 a jikin bayi mata baƙar fata, ba tare da maganin kashe zafi ba. A Afirka, Reginald da Catherine Hamlin sun buɗe asibitin yoyon fitsari a Adis Ababa a 1974. Ƙasar Hausa ta sami nata rabon lokacin da Dakta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya fara wannan aiki a Babbar Ruga ta Katsina a farkon shekarun 1980, ya kuma horar da likitoci daga ɓangarori biyu na iyaka. A Nijar, Salamatu Traore ta kafa ƙungiyar Dimol a Yamai a 1998 don tarbar matan. Gwamnati ta ayyana tiyatar ciro ɗa kyauta a 2005. Sannan aka buɗe cibiyar Danja kusa da Maraɗi a 2012. Abin lura shi ne, Babbar Ruga da Danja duka asibitocin kutare ne tun asali. Inda aka saba karɓar wanda jama'a suka guda, nan aka fara karɓar wadda wari ya raba ta da kasuwa da gidan biki.

Ga macen Ɗan Kassari ko Tibiri, duk waɗannan wurare tafiya ce: daga Dogon Dutsi zuwa Yamai kaɗai kusan kilomita 270 ne, Danja kuma ta fi haka nisa. Masaniyar al'adu Alison Heller, wadda ta zauna da irin waɗannan mata a Nijar, ta bayyana a littafinta yadda wasu suke share watanni a harabar asibiti suna jiran layi, wasu kuma a yi musu aiki sau da dama ba a dace ba.

Likitocin tiyata da kansu suka gano iyakar allurarsu. Ana iya rufe rami tsaf, amma mace ta koma gida tana jiƙa zane, saboda tsokar da za ta riƙe fitsarin ta raunana, ko mafitsara ta tsuke, ko tabo ya sandare wurin har kwanciyar aure ta zama azaba. A takardar asibiti an rubuta ta warke. A idon kishiya da uwar miji kuwa, ba abin da ya sake. Wannan giɓi ne ya kawo masu aikin motsa jiki, waɗanda ake kira kine a Nijar, a Nijeriya kuma likitocin gashi ko fisiyo.

Sana'arsu ba sabuwa ba ce. A 1936 Margaret Morris ta wallafa a Ingila darussan matse tsokar ƙasan ƙugu da sakinta ga masu jego. A 1948 Arnold Kegel, likitan mata a Amurka, ya tsara atisayen da har yau ake kira da sunansa, ya kuma ƙera na'urar auna ƙarfin matsewar. Faransa ta sa wannan jinya cikin abin da inshorar lafiya take biya wa mai haihuwa tun 1985. Aikin ba ya son kayan tsada. Ana koya wa mace ta gano tsokar, ta matse ta kamar mai riƙe fitsari, ta riƙe na ƴan daƙiƙoƙi, ta saki, sau da yawa a yini, na tsawon wata uku aƙalla. Ana koya mata ta matse kafin ta yi tari ko ta ɗaga tulu, ta kuma saba wa mafitsara lokaci. Mai jan ƙafa ana motsa mata idon sawu don kada ya ƙage. Mai ciwon mara kuwa, sau da yawa tsokarta ɗaurewa ta yi, ba saki ba, don haka numfashi da tausa da ɗumi take buƙata, matsewa sai dai ta ƙara mata zafi. A asibitin Tangiyeta da ke arewacin Benin, binciken da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa matan da suka sami wannan horo da wayar da kai, kafin tiyata da bayanta, sun fi sauran samun sauƙi.

Masu yoyon fitsari su ne ƙalilan da ciwonsu ya ƙi ɓoyuwa. Bayansu akwai taron da ba a ƙidaya: wadda ta haifi takwas, fitsari yana kufce mata idan ta yi dariya, wadda mahaifarta ta zazzago tana jin ta kamar dutse idan ta sunkuya daka, wadda take sake alwala sau uku kafin ta idar da salla. Yawancinsu suna ɗaukar abin a matsayin kuɗin haihuwa, ba ciwo ba, ba su kuma da kalmar da za su faɗa wa likita namiji.

Hausa ta riga ta haɗa tsohuwar jinya da sabuwa a kalma ɗaya, domin mai jego gasa jikinta ake yi, ɗakin fisiyo kuma ɗakin gashi ake ce masa. Amma ba su haɗu a aikace ba. Masu sana'ar kine sun fi yawa a manyan birane, ƙauyukan Arewa kuwa har yanzu tsohuwar da ke hura wutar jego ce take ganin mace safe da yamma har kwana arba'in, a daidai makonnin da ya kamata a fara tayar da tsokar a hankali. Ita ce mace ba ta jin kunyar buɗe mata zane, ita ce kuma za ta fara ganin shimfiɗa ta jiƙe, ko ƙafa ta ƙi ɗaguwa.