Ɗaura Bushin Jagora a Gindin Rauta don Haɗin Wutsiyar Kurciya: Nazarin Inda Kuskure Ke Shigowa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba dalilin da ya sa haɗin wutsiyar kurciya da aka yanka da rauta a kan jigi yake fitowa sako-sako ko ya ƙi shiga, alhali jigin sabo ne, bakin rautar kuma yana da kaifi. An yi amfani da ma'aunan da kamfanonin ƙera jigi suka tsayar, aka lissafa yadda kuskure a kaurin bushi, da zurfin yanka, da kaucewar baki daga tsakiya ke komawa giɓi a jikin katako. Nazarin ya nuna cewa zurfin yanka na iya rufe kuskuren kauri, amma ba ya rufe kaucewa daga tsakiya. Ita sai an gyara ta a wurin ɗaura farantin gindi.

Gabatarwa

Haɗin wutsiyar kurciya shi ne wanda ake gani a kusurwar durowa mai inganci: bakin katako ɗaya an fitar masa da wutsiyoyi masu faɗin kai da siririn wuya, ɗayan kuma an haƙa masa gurabe masu siffa iri ɗaya. Idan suka shiga juna, jan durowar ba ya raba su. Kafintan da ke yin sa da zarto da kurfi yana auna kowace wutsiya da ido da hannu. Mai rauta kuwa ya miƙa wannan aikin ga abubuwa uku: farantin yatsu da ke kan jigi, bakin da ke yanka, da wani ɗan zoben ƙarfe mai wuya da ake ɗaurawa a gindin rauta, wanda shi ne bushin jagora. Wuyan bushi ne ke goga jikin yatsun faranti, bakin yana juyawa a cikinsa ba tare da ya taɓa shi ba.

A cikin ukun, bushi ne mafi araha, shi ne kuma wanda ba a cika zargi ba idan aiki ya ɓaci. Sau da yawa kafinta zai yi ta ɗaga baki yana saukewa, ya cinye katakon gwaji, alhali matsalar tana ƙarƙashin rautar.

Tsarin ɗaurawa

Babu ma'auni ɗaya da duk masu ƙera rauta suka yarda da shi. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne na kamfanin Porter-Cable na Amurka: bushi mai zare da ke shiga rami mai faɗin inci 1 da 3/16, kafaɗarsa ta zauna a gurbi mai inci 1 da 3/8 don kada ta fito ƙasan farantin gindi, a ɗaure shi da noti daga ciki. A Ingila da wasu ƙasashen Turai an fi sanin bushi mai faffaɗan faranti da ake kamawa da sukurori biyu, irin wanda kamfanin Trend ke sayarwa. Bosch na da nata tsarin na murɗawa a maƙale, sai an sa adafta irin RA1100 kafin ya karɓi bushi mai zare. Wanda ya sayi jigi daga Amurka, rautarsa kuma ta Turai ko Asiya ce, kamar yadda ake yawan samu a shagunan kayan aiki na Kano da Kaduna, sai ya nemi adafta ko ya sauya farantin gindi baki ɗaya.

Akwai jigin da ya kauce wa wannan duka. Na Keller yana aiki da baki mai boris a wuyansa, boris ɗin ne ke bin faranti, kuma da yake a jikin bakin yake ba zai kauce daga tsakiya ba. Da yawa daga cikin sauran jigogin da suka yi suna, irin su Leigh na Kanada da jerin 4200 na Porter-Cable, da bushi suke aiki.

Hanyar nazari

Nazarin na lissafi ne. An ɗauki jigin haɗi mai ɓoyayyen baki, wato wanda wutsiyoyin ba sa hudowa ta fuskar durowa, a ma'aunin da ya fi yawa a kasuwa: tazara daga yatsa zuwa yatsa inci 7/8 (milimita 22.2), bushi inci 7/16 (milimita 11.1), baki mai faɗin inci 1/2 (milimita 12.7) da karkatar digiri 14. A wannan jigi ana yanka katakan biyu a lokaci guda, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, an gusar da ɗaya da rabin tazara.

Kauri da zurfi

Gindin gurbi faɗinsa ɗaya da faɗin baki. Kan wutsiya kuwa abin da ya saura ne tsakanin yanka biyu, wato tazara a cire faɗin baki, a ƙara zurfi sau tanjan na kusurwar sau biyu. Idan aka ce waɗannan biyun su zo daidai, zurfin da lissafi ke bayarwa shi ne inci 1/4, kimanin milimita 6.4. Ma'ana, ga kowane jigi da baki zurfi ɗaya tak ke ba da haɗi cif-cif, ba kaurin katako ke zaɓar sa ba. Tanjan na digiri 14 ya kusa 0.25, saboda haka duk milimita 1 da aka ƙara a zurfi yana matse haɗin da rabin milimita. A baki mai digiri 7, irin mai faɗin inci 17/32 da jigin Porter-Cable 4212 ke haɗawa da bushi mai inci 3/4, matsewar rubu'in milimita ce, shi ya sa saitinsa ya fi sauƙin kamawa.

Yanzu a sa bushi mai milimita 11 a maimakon mai 11.1, abin da ke faruwa idan mai shago ya ce ai duk ɗaya ne. Bushin zai yi wasa da milimita 0.11 tsakanin yatsu. Kowane gurbi ya ƙara faɗi da wannan adadin, kowace wutsiya ta rage da shi, giɓin ya zama 0.22. Kuskuren ya ninka. Amma da yake iri ɗaya ne a kowace wutsiya, ƙara zurfi da kimanin milimita 0.45 yana cike shi, muddin mai aiki yana goga bushin a ɓangarori biyu na kowane yatsa.

Kuskuren faɗin baki ya fi muni. Baki mai milimita 12 a wurin mai 12.7, da karkata iri ɗaya, zai buƙaci a rage zurfi zuwa kimanin milimita 3.6 kafin haɗin ya shiga. Wutsiya mai wannan gajarta ado ce kawai, ba za ta riƙe durowar da aka cika da kaya ba.

Kaucewa daga tsakiya

Nan ne nazarin ya fi ba da ƙarfi. Farantin gindi ana kama shi da sukurori uku ko huɗu, kuma ramukansu ba sa tabbatar da cewa tsakiyar farantin ta zo daidai da tsakiyar sandar inji. A ɗauka bakin ya kauce da milimita 0.3. Idan mai aiki ya riƙe rautar a fuska ɗaya daga farkon katako zuwa ƙarshe, duk yankan za su gusa tare, kuma a jigin da ke yanka katako biyu lokaci guda wutsiyoyi da gurabe suna gusawa gefe ɗaya, haɗin ya shiga lafiya. Idan ya juya rautar gaba ta koma baya, yankan zai gusa da ninkin kaucewar, wato 0.6.

Ba kowa ke juya rauta haka ba. Abin da ke faruwa a zahiri ɗan karkata ne: mutum ya fara daga hagu, kafin ya kai dama kafaɗarsa ta juya, ko wayar wuta ta ja shi. A nan fuskar da kaucewar ke kallo ita ce magana. Idan tana kallon gefe, karkatar digiri 30 tana sauya wurin yanka da milimita 0.04 kacal. Idan tana kallon gaba ko baya, wannan karkatar tana sauya shi da 0.15, kusan ninki huɗu. Rautoci biyu masu kaucewa iri ɗaya, a hannun mutum ɗaya, ɗaya za ta fitar da aiki mai kyau, ɗaya ta fitar da wutsiyoyin da wasu sun matse wasu sun saki. Alamar wannan cuta ke nan: rashin daidaito daga wutsiya zuwa wutsiya. Zurfi ba ya maganinta, domin duk abin da aka ƙara don cike wadda ta saki zai tsaga gurbin wadda ta matse.

A haɗi mai hudowa, wanda wutsiyoyin ke fitowa ta fuskar katako, abin ya ƙara tsanani, saboda ana yanka wutsiyoyi da baki ɗaya, a yanka haƙoran da ke shiga tsakaninsu da miƙaƙƙen baki a kan yatsu masu tsini, wani lokaci ma da wani bushin daban. Jigin 4212 yana amfani da bushi mai inci 5/8 da baki mai inci 13/32 wajen haƙora. Yankan biyu ba a zama ɗaya ake yin su ba, don haka kuskuren ɗaya ba lallai ya share na ɗayan ba. A yatsu masu karkatar digiri 8, irin na Leigh, kaucewar milimita 0.3 zuwa gaba ko baya tana sauya kaurin haƙori da kimanin 0.08, ƙari a kan gusawar gefe da ke sa bakin katakan biyu ya ƙi zama daidai. Leigh ma sun mayar da wannan ɗabi'a abin amfani, suka ƙera bushi mai siffar ƙwai da ake murɗawa don matse haɗi ko sassauta shi, amma sharaɗinsa shi ne a riƙe rautar a fuska ɗaya.

Yadda ake ɗaurawa

Gyaran ba ya da tsada. A cire filogi daga wuta, a ɗaura bushi, a sassauta sukurorin farantin gindi, a sa mazugin saiti a cikin kolet, wato abin da ke riƙe ƙotar baki, a tura shi har ya zauna a bakin bushin ya ja farantin zuwa tsakiya, sannan a ɗaure sukurorin kaɗan-kaɗan, ana zagayawa. Sai dai sukuru mai kai kamar mazurari yana jan faranti ya koma tsohon wurinsa da zarar an ɗaure shi. Dole a sauya shi da mai shimfiɗaɗɗen kai, a ɗan faɗaɗa ramin. A rautar da ake murɗa injinta a cikin gindi don sauya zurfi, irin Porter-Cable 690, tsakiyar na iya gusawa da murɗawar, don haka a yi alama a jikin injin, a yi saitin tsakiya a kusa da inda zai tsaya lokacin yanka.

Tsawon wuyan bushi kada ya wuce kaurin farantin yatsu, in ya wuce zai hau katako ya ɗaga rautar. Ana iya rage shi da fayil. Notin bushi yana kwancewa da girgiza, kuma inji mai juyi sama da 20,000 a minti ba ya jiran a lura. Woshar sifirin tana hana shi. Bushin tagulla ya fi na ƙarfe rangwame idan baki ya taɓa shi. Kolet mai milimita 6 ba na ƙota mai inci 1/4 ba ne, wadda take milimita 6.35, haka mai 12 da 12.7, tilasta su yana lalata kolet ya kuma sa bakin ya riƙa lilo. Kan baki mai inci 1/2 ya fi ramin bushi mai 7/16 faɗi, saboda haka daga ƙasa ake shigar da shi bayan an ɗaura bushin, a kulle rauta mai nitso kada ta ɗago, kuma ba a ɗaga rauta daga kan jigi sai an janye ta waje bakin ya tsaya. Yankakken yatsa a jikin faranti yakan fito ne daga wannan gaggawar.

Shawara

Cibiyoyin koyar da sana'a da ke sayen jigi su haɗa da mazugin saiti da ma'aunin baniya a cikin kayan da suke oda, su kuma koya wa ɗalibi auna bushi da baki kafin ya taɓa saitin zurfi. Kafintan da ya ga wutsiyoyinsa duka sun saki iri ɗaya, ya ƙara zurfi. Wanda ya ga wasu sun saki wasu sun matse, ya bar zurfi inda yake, ya kife rautar ya duba farantin gindi.