Ƙarfin Jiki da na Ƙwaƙwalwa a Tsakanin Tsofaffin Ƙasar Sin da Ba Sa Zaune da 'Ya'yansu

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda ake auna ƙarfin tsofaffin Sin da 'ya'yansu suka bar gida. Ta nuna cewa yi musu kuɗin goro yana ɓoye waɗanda suka fi buƙatar agaji.

Gabatarwa

Ƙidayar 2020 ta nuna Sin na da mutum miliyan 264 masu shekara 60 zuwa sama, wato kashi 18.7 cikin ɗari na al'ummar ƙasar. Matsakaicin yawan mutanen gida kuwa ya sauko daga 3.10 a 2010 zuwa 2.62. Dokar haihuwar ɗa guda, wadda aka soke a ƙarshen 2015, ta rage 'ya'ya. Ci-rani zuwa masana'antun Guangdong da Zhejiang ya kwashe sauran. Rajistar mazauni ta hukou, da ta ɗaure yawancin tallafin gwamnati da garin asali, ta sa bin 'ya'ya birni bai zo wa iyaye da sauƙi ba.

Ma'auni

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo ra'ayin auna abin da tsoho ke iyawa maimakon lissafa cututtukansa. Ɓangarorin biyar ne: motsi, kuzari, tunani, yanayin zuciya, sai ji da gani. Binciken CHARLS na Jami'ar Peking, mai bibiyar mutum kusan 17,000 tun 2011, ya dace da wannan tsari. Ana ba tsoho na'ura ya matse da hannu, a sa shi ya tashi daga kujera sau biyar ba tare da dafawa ba, a karanta masa kalmomi goma ya maimaito, sannan ya riƙa cire bakwai daga ɗari.

Tattaunawa

A nan gizo ke saƙar. In aka ɗauki awo sau ɗaya tak, mai yiwuwa a ga waɗanda ba sa tare da 'ya'ya sun fi ƙarfin jiki. Wannan ba hujja ba ce cewa kaɗaici na ƙara lafiya. Mai ƙarfi ne ke iya zama shi kaɗai. Wanda shanyewar ɓarin jiki ta kama, tuni aka ɗauke shi zuwa gidan ɗansa, ya faɗa rukunin masu zama da 'ya'ya.

Rukunin waɗanda ba sa tare da 'ya'ya ma ba iri ɗaya ba ne. Ma'auratan Shanghai masu fansho, waɗanda 'yarsu ke unguwar gaba, sun sha bamban da tsohuwar da mijinta ya rasu a wani ƙauyen Gansu, wadda ba ta ganin ɗanta sai bikin sabuwar shekara. Ƙafarta na iya kai ta gona, amma wa zai lura ta fara mantuwa, ko kunnenta ya yi nauyi? Tawayar ji da baƙin ciki suna tafiya ne a ɓoye, kuma dukansu suna da alaƙa da raunin tunani. Dokar 2013 da ta wajabta wa 'ya'ya yawan ziyartar iyaye ba ta fayyace sau nawa ba, balle ta maye gurbin awon likita.

Shawara

Wajibi ne masu bincike su raba mai zaman kaɗaici da mai abokin zama, su rubuta nisan ɗa mafi kusa, su kuma bi mutum ɗaya tsawon shekaru. Asibitocin karkara su fara tantance ji, tunani da damuwa daga kan tsofaffin matan da ke kwana su kaɗai.