Asalin Na'urar Sansanar Hayaƙin Mota

A zamanin da, bakanike yakan gane cutar inji da kunnensa da hancinsa, ya dubi launin hayaƙi, sa'an nan ya murɗa kafireto har ya daidaita. Amma da hayaƙin motoci ya addabi biranen Amurka, musamman Los Anjalas, hukuma ta tsananta dokar tsabtace iska a 1970, sai ya wajaba a kan maƙera motoci su nemi wata hikima.

Kamfanin Bosch na Jamus ne ya fito da ita, wato 'yar na'urar da ake ɗaurawa a bututun salansa, wadda, idan ta ɗau zafi, take auna ragowar iskar oksijin cikin hayaƙi ta sanar da kwamfutar mota ko fetur ya yi yawa ko ya gaza. Volvo ce ta fara sa ta a 1976. Sai dai gano lalacewarta ya zama mushkila, domin kowane kamfani da irin alamominsa, har aka wajabta tsari guda, OBD-II, a Amurka a 1996: soket mai ƙafa 16 kusa da sitiyari, da lambobi irin P0130 masu nuna na'urar da ake tuhuma, ta gaban matatar hayaƙin da ke bututun salansa ce ko ta bayanta.

Lalle wannan ni'ima ce, illa dai lamba ishara ce, ba hukunci ba. Sau da yawa na'urar lafiyarta lau, waya ce ta tsinke ko salansa ta huje, kuma bakanike mai tahƙiƙi yakan duba waɗannan kafin ya sa mai mota sayen sabuwa.