Gasar Maƙeran Ƙwaƙwalwar Na'ura da Yadda Ta Iso Karkarar Kano



Duk wanda ya fita birnin Kano ta arewa, ya ratsa ƙasar Ungogo da Dawakin Tofa ya nufi Bichi ko Dambatta, ya san cewa a nan babu daji: gona tana jingine da gona, gida yana hangen gida. Tun 1965 Mortimore da Wilson suka bayyana yadda jama'ar wannan yanki suke noma fili guda kowace damina ba hutu, suna ciyar da shi da takin da jakuna ke kawowa daga birni. Mutanen da suka saba da irin wannan lissafi ba su sayen abu don ado. Amma ga shi yau da wuya ka shiga gida ba ka tarar da wayar salula ba, kuma a cikin kowace waya akwai wani ɗan falle da bai fi farcen babban yatsa ba, wanda shi ke yin dukan lissafin da na'urar ke bukata. Shi ne zan riƙa kira ƙwaƙwalwa. Shekara hamsin ke nan kamfanoni suna kokawa a kan ƙera ta, kuma abin da nake so mu duba shi ne wace kokawar ce ta taɓa manomin Bichi, wace ce ta wuce ta bisa kansa.

Kokawar da ta fi suna ita ce ta Intel da AMD, kamfanoni biyu na jihar Kalifoniya a Amurka. Robert Noyce da Gordon Moore suka kafa Intel a 1968, Jerry Sanders da abokansa suka kafa AMD a 1969, dukansu kuwa tsofaffin ma'aikatan kamfanin Fairchild ne, watau 'yan gida ɗaya. A 1971 Intel ya fitar da ƙwaƙwalwa mai lamba 4004, mai ɗauke da tiransisto 2,300, wadda ya ƙera wa wani kamfanin Japan mai yin na'urar lissafi. Da IBM ya tashi fitar da kwamfutarsa ta tebur a 1981, sai ya zaɓi ƙwaƙwalwar Intel, amma da sharaɗi irin na tsohon ɗan kasuwa: ba zai dogara ga maƙeri ɗaya ba, tilas a sami na biyu mai ƙera irinta. Saboda haka a 1982 Intel ya ƙulla yarjejeniya da AMD, ya ba shi zanen. Kishiyar da za ta hana shi barci, da hannunsa ya shigo da ita.

Zaman bai yi nisa ba. Da Intel ya fitar da 386 a 1985 sai ya hana zanen. AMD ya kai ƙara, sa'an nan ya zauna ya kwance ƙwaƙwalwar ya gano sirrinta, ya fitar da tasa a 1991. Kotu kuma ta ce lamba ba ta zama sunan mallaka, shi ya sa a 1993 muka ji Pentium maimakon 586. A 2003 AMD ya riga Intel fitar da sabon tsari mai faɗin 64, har ya zama dole Intel ya bi sawunsa, a 2009 kuwa Intel ya biya AMD dala biliyan 1.25 don a kashe shari'un da ke tsakaninsu.

Wannan rigima ta taɓa leƙowa Nijeriya. A 2007 shirin Nicholas Negroponte na bai wa kowane yaro kwamfuta ya gwada 'yar na'urarsa mai ƙwaƙwalwar AMD a firamaren Galadima da ke Abuja, Intel kuma ya shigo da tasa mai suna Classmate yana zawarcin gwamnati guda. Suka yi ɗan sulhu a tsakiyar shekarar, a Janairun 2008 suka rabu baram-baram. Ɗan firamaren Kunchi ko Tsanyawa bai ga ko ɗaya ba. Dalili kuwa ba boyayye ba ne. Kokawar Intel da AMD kokawar sauri ce, sauri kuwa yana cin wuta, yana haifar da zafi, yana bukatar fanka da soket a bango. An ƙera waɗannan kaya ne don ɗakin da lantarki ba ya yankewa, mu kuwa mun san halinmu.

Kokawar da ta iso mu daga wani wuri ta taso, kuma da farko ba wanda ya ɗauke ta da muhimmanci. A garin Kambirij na Ingila akwai wani ƙaramin kamfani mai suna Acorn, wanda ba shi da kuɗin yin gasa da Amurkawa. Injiniyoyinsa biyu, Sophie Wilson da Steve Furber, suka zana ƙwaƙwalwa mai sauƙin tsari, aka kunna ta a 1985 da tiransisto wajen 25,000, a shekarar da 386 ta fito da 275,000. Rashin kuɗi ne ya sa suka rage kaya, rage kayan kuwa ya sa ba ta cin wuta sai kaɗan. A 1990 aka ware sashen ya zama kamfanin ARM, tare da jarin Apple. Dabararsa ita ce bai gina masana'anta ba, bai sayar da ƙwaƙwalwa ko ɗaya ba. Zane yake sayarwa, duk wanda ya biya ya je ya ƙera. Kafin ƙarshen shekarun 1990 zanen ya shiga wayoyin Nokia.

Intel ya ga wannan hanya, har ya ɗan taka ta, domin yana da nasa sashen mai aiki da zanen ARM. A 2006 ya sayar da shi ga kamfanin Marvell a kan dala miliyan 600, shekara guda kafin fitowar iPhone. Shugabansa na lokacin, Paul Otellini, ya faɗa da bakinsa a 2013 cewa Apple ya nemi su ƙera masa ƙwaƙwalwar wayar, suka ga farashin bai kai ba. Suka dawo daga baya suka zuba kuɗi masu yawa, a 2016 suka haƙura suka bar fagen.

A nan ne tarihin ya haɗu da namu. A Janairun 2001 gwamnati ta yi gwanjon lasisin GSM, kowane a kan dala miliyan 285, a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki, Glo ya biyo baya a 2003. A farkon lamarin layi da waya na masu hali ne. Wanda ya karya farashin wayar shi ne MediaTek na Taiwan, kamfanin da aka kafa a 1997, ya shiga harkar waya a 2004. Manyan maƙera suna sayar da ƙwaƙwalwa ga manyan kamfanoni masu ɗaruruwan injiniyoyi. MediaTek sai ya haɗa ƙwaƙwalwa da manhaja da zanen allon gaba ɗaya, ta yadda ƙaramar masana'anta a birnin Shenzhen na ƙasar Sin za ta sa kwanso da batir kawai ta kai kasuwa. Daga nan wayoyin da muka kira "'yan Chana" suka malalo, masu layi biyu, da tocila, da rediyo, da lasifika mai tashin unguwa. 'Yan boko sun yi musu dariya. Amma layi biyu amsa ce ga sabis ɗin da ke zuwa yana ɗaukewa, batirin da ke kwana da kwanaki kuwa amsa ce ga mutumin da sai ya biya mai janareta a bakin kasuwa kafin ya yi caji. Kamfanin Transsion, mai Tecno da Itel da Infinix, ya shigo Nijeriya a 2008 a kan wannan turba, da ƙwaƙwalwar MediaTek da ta Spreadtrum wanda yanzu ake kira Unisoc, ya zuwa 2017 kuwa ya wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. A 2020 MediaTek da kansa ya sha gaban Qualcomm na Amurka a yawan ƙwaƙwalwar manyan wayoyi.

Amfanin abin a gona ake ganinsa. Da ministan gona Akinwumi Adesina ya kawo tsarin rabon taki mai rangwame ta saƙon waya a 2012, shirin ya tsayu ne a kan zaton manomi yana da waya, zaton da ba mai yinsa shekara goma kafin nan. Mai buhun gero a ƙauye yana iya jin farashin Dawanau kafin ya ɗaure kaya, mai akuya yana iya tambayar yadda kasuwar Dambatta ta ci ranar Lahadi. Dillali bai mutu ba, amma an rage masa duhun da yake ci a ciki.

Sai dai kakannin waɗannan manoma sun taɓa ganin irin wannan rana. Da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, kamfanonin Turawa suka yi ta rige-rigen sayen gyaɗa, gasarsu ta ɗaga farashi, manomi ya ci riba, 'yan kasuwa irin su Alhassan Dantata suka yi arziki. A 1929 manya biyu daga cikinsu suka haɗe suka zama UAC, bakin masu taya ya ragu. A harkar ƙwaƙwalwa ma sunaye suna da yawa a kan kwali, amma maƙerar ta ƙuntata. AMD ya rabu da masana'antunsa a 2009. Shi da MediaTek da Qualcomm da Apple duk zane suke yi, su kai wa TSMC na Taiwan, wanda Morris Chang ya kafa a 1987, ya ƙera musu mafi yawan kayansu na zamani. Samsung ne kaɗai ke ɗan ja da shi, Intel kuwa yana fafutukar komowa sahu. Da annobar korona ta rikita jigila a 2020 da 2021, ƙwaƙwalwa ta yi ƙaranci a duniya, maƙera suka fara sallamar masu biya da tsoka, mai ƙera waya mai araha ya koma ƙarshen layi. Daga can ƙarshen layin ne ake loda kwalayen da ke sauka a kasuwar waya ta Farm Centre, kafin 'yan sari su ɗauka su kai Bichi da Dambatta.