Yadda Yatsu Suka Koyi Rubutu Ba Tare Da Ido Ba

Mai karatu, in ka taɓa kai rubutunka na hannu shagon masu buga takardu, ka ja kujera ka zauna gefen mai aikin, to ka ga abin da ni ma na sha gani. Idanunta na kan takardarka, wani lokaci har tana amsa gaisuwar mai wucewa, amma yatsunta sai zuba suke kamar ruwan sama a kan kwano, ko leƙa allon haruffan ba ta yi. Kai kuwa in ka koma gida ka buɗe kwamfutarka, da yatsa biyu kake tsintar haruffa ɗaya bayan ɗaya, kamar kaza a gindin turmi. Kafin ka gano inda harafin "w" ya ɓuya, zancen da jarumar labarinka za ta faɗa wa saurayinta ya riga ya gudu daga kanka.

Wasu kan ce ai baiwa ce. To, koyo ne, kuma yana da tarihi. Akwai ma ranar da aka gwada shi a bainar jama'a, da kuɗi a ajiye, wato 25 ga Yuli, 1888, a birnin Cincinnati na ƙasar Amurka. Amma bari mu faro daga tushe.

Injin da ba ya nuna abin da ya rubuta

Abin mamaki shi ne, mutanen da suka fara buga rubutu ba tare da kallo ba, marasa gani ne. A wajen 1808 wani Ba'italiye mai suna Pellegrino Turri ya ƙera wa wata baiwar Allah makauniya, 'yar gidan sarauta, injin da take rubuta wasiƙu da shi. A ƙasar Denmak kuma, Rasmus Malling-Hansen, shugaban wata makarantar kurame, ya fito da nasa injin mai siffar rabin ƙwarya a 1870. Irinsa ne masanin falsafar nan na Jamus, Friedrich Nietzsche, ya samu a 1882 lokacin da idanunsa suka yi rauni.

Sai dai tafiretar da ta mamaye duniya daga garin Milwaukee na Amurka ta fito. Christopher Latham Sholes, ɗan jarida kuma mai aikin ɗab'i, shi da abokansa Carlos Glidden da Samuel Soule, su suka yi rajistar ƙirarta a 1868. A 1873 kamfanin Remington, wanda aka sani da ƙera bindigogi da kekunan ɗinki, ya karɓi aikin, ya kuma fito da ita kasuwa a 1874 a kan dala 125. Manyan haruffa kawai take bugawa. Sai a 1878 aka yi ta biyu, mai madanni guda da ke juya harafi daga ƙarami zuwa babba. Jerin haruffan nan da ke saman allon kwamfutarka a yau, Q, W, E, R, T, Y, gadon waɗannan injuna ne.

Ga wani abu da ya kamata ka riƙe. A waɗancan injuna, ta ƙarƙashi haruffan ke dukan takarda. Mai bugawa ba ya ganin abin da ya rubuta sai ya tsaya ya ɗaga murfin da takardar ke naɗe a jiki. To tunda babu abin kallo a takarda, ina ido zai je in ba kan madannai ba? Haka kowa ke yi: ya dubi rubutun da zai kwafa, ya haddace kalma uku ko huɗu, ya sunkuyar da kai ya nemo haruffansu da yatsa biyu ko huɗu, ya sake ɗagowa ya nemi inda ya tsaya. Babu wanda ya ga aibin haka, don ko a hakan an fi alƙalami sauri.

A 1882 wata malama mai makarantar koyar da akawu a Cincinnati, Misis Longley, ta buga ɗan littafi tana cewa a riƙa amfani da yatsu takwas, huɗu a kowane hannu. An yi mata dariya. Masu sukar suna ganin ƙaramin yatsa da maƙwabcinsa ba su da ƙarfin dukan ƙarfe.

Ƙaryar da ta haifi gaskiya

Tun kafin littafinta ya fito, wani yaro ya riga ya wuce nan. Sunansa Frank McGurrin, an haife shi a 1861. A 1878 yana ƙaramin akawu a ofishin wani lauya a garin Grand Rapids na jihar Michigan. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari daga baya, shi da maigidansa sun riƙa tsere a kan wata tsohuwar tafireta da aka sayo, yaron kuma na kayar da shi. Ran nan maigidan ya shigo ya ce masa ya ga wata yarinya a wani ofis, ana yi mata shifta tana bugawa, idonta na kallon waje ta taga.

Abin ya tsaya wa McGurrin a rai. Ka san halin samari: yarinya ta iya, shi ya kasa? Sai ya watsar da yatsa biyu, ya raba wa kowane yatsa haruffansa, ya hana idonsa sauka. Kafin shekarar ta ƙare, in ji shi, yana buga kalma casa'in a minti ɗaya. Bayan shekara biyu ya haɗu da yarinyar, sai ya tarar ba ta taɓa yin haka ba, ba ta ma taɓa gwadawa ba. Ashe maigida tsokanarsa kawai ya yi!

McGurrin ya zama akawun kotu a birnin Salt Lake City, ya shiga yawo gari-gari yana nuna gwanintarsa, har da ɗaure ido da ƙyalle. Ya ƙalubalanci duk mai ji da kansa. Wanda ya amsa shi ne Louis Traub, malamin buga tafireta a Cincinnati. Traub ma da yatsu takwas yake aiki, amma yana kallon allo, kuma injinsa Caligraph ne, mai madannai 72, don manyan haruffa da ƙanana kowanne da nasa madannin. McGurrin kuwa Remington ya riƙe, mai kusan rabin wannan adadi.

An raba gasar gida biyu. Da farko a karanta wa mutum ya buga, sannan a ba shi rubutaccen abu ya kwafa. A shifta McGurrin ya yi kalma 95 a minti, Traub ya yi 83. Tazarar ba ta da yawa. Amma da aka zo kwafa, McGurrin ya haura zuwa 98, shi kuwa Traub ya sauko 71. McGurrin ya kwashe dala 500, kuɗin tafireta huɗu irin ta farko, jaridu kuma suka yi ta yayata labarin.

Dubi waɗannan alkaluma da kyau, mai karatu, don a nan sirrin yake. Yatsun Traub ba su gaza ba, tunda ga shi ya yi 83 lokacin da kunnensa ke karɓar magana, idonsa na kan allo. Da aka ba idon aiki biyu, ya duba takarda ya kuma duba madannai, nan take ya yi asarar kalma goma sha biyu a kowane minti. McGurrin aiki ɗaya idonsa ke yi, don haka kwafa ta fi masa sauƙi.

Kada ka ɗauka daga ranar kowa ya miƙa wuya. Makonni kaɗan bayan haka, a watan Agusta na 1888, aka sake wata gasa a Toronto ta ƙasar Kanada, wata budurwa mai suna Mae Orr ta sha gaban McGurrin. Ka ga yarinyar da maigidansa ya ƙirƙira ta zo masa a zahiri ke nan. Masana tattalin arziki biyu, Stan Liebowitz da Stephen Margolis, sun nuna a 1990 cewa gasanni da yawa aka yi a lokacin, kuma akwai gwanaye a kan injuna daban-daban. Amma gasar Cincinnati ita aka fi tunawa, kuma daga 1889, lokacin da Bates Torrey ya fitar da littafinsa na koyarwa, dabarar ta sami sunanta na Ingilishi, mai ma'anar bugu da taɓi.

Daga gasa zuwa aji

Makarantun koyon aikin ofis suka karɓe ta. Suka fito da tsarin da har gobe shi ake bi. Yatsun hagu huɗu su zauna a kan A, S, D, F, na dama a kan J, K, L da madannin da ke biye, babban yatsa kuma a kan dogon madannin ba da tazara. Duk inda yatsa ya je ɗauko harafi, gida zai dawo. Don a hana ɗalibi satar kallo, wasu makarantu kan kawo injin da babu rubutu a madannansa, wasu su rufe hannun da allo ko ƙyalle. Da kamfanin Underwood ya yaɗa injin da ake ganin rubutu yana fita a kan takarda, musamman samfurinsa na biyar na 1900, sai ido ya ƙara samun wurin zuwa da ya fi madannai amfani.

Mata ne suka fi cin moriyar abin. Tun 1881 wata ƙungiyar mata a New York ta buɗe ajin koyar da 'yan mata takwas, ana ta surutu cewa aikin zai fi ƙarfinsu. Zuwa 1930, sama da kashi 90 cikin ɗari na masu wannan sana'a a Amurka mata ne. Albashinsu bai kai na maza ba, wannan gaskiya ne, amma ta wannan ƙofa dubban mata suka fara shiga ofis. Masu sha'awar fim za su iya neman Populaire, fim ɗin Faransa na 2012, wanda aka gina a kan wata sakatariya da ta shiga gasar saurin tafireta a ƙarshen shekarun 1950.

An yi ƙoƙarin sauya jerin haruffan. A 1936 August Dvorak, malami a Jami'ar Washington, shi da William Dealey suka yi rajistar sabon tsari da ya tara wasula a layin tsakiya na hannun hagu. Har yau akwai masu amfani da shi, amma bai ture na Sholes ba. Miliyoyin yatsu sun riga sun haddace, kuma abin da hannu ya saba da shi, raba shi da shi sai an sha wuya. Tafiretar lantarki ta IBM Selectric ta zo a 1961, kwamfuta ta biyo baya, duk da jerin nan na da. A 1987 aka fitar da manhajar koyarwa mai suna Mavis Beacon Teaches Typing, wadda mutane da yawa suka ɗauka sunan wata malama ce ta gaske, alhali ƙirƙirarta aka yi. An yi fim ɗin bincike a kan haka a 2024, Seeking Mavis Beacon.

Abin da bincike ya gano

A 2013 masu bincike a Jami'ar Vanderbilt suka ba gwanayen bugu hoton allo wanda babu haruffa, suka ce kowa ya cike. Mutanen da ke buga sama da kalma 70 a minti, haruffa kamar 15 kawai suka iya sakawa daidai cikin 26. Wato yatsa ya san hanya, mai yatsan bai sani ba. Kamar ɗan acaɓa ne da zai kai ka lungun da kake so, amma ka ce ya zana maka taswira ya rikice.

A 2016 kuma Jami'ar Aalto ta ƙasar Finlan ta ɗauki hoton motsin hannun mutum 30. Aka tarar waɗanda suka koya da kansu, da yatsu kamar shida, suna iya kamo masu yatsu goma a sauri, muddin kowane harafi yatsa ɗaya ne ke zuwa masa kullum, hannu kuma ba ya yawo. Bambancin da ya rage shi ne na ido: masu koyon kai sun ninka sauran wajen kallon allo. Bayan shekara 128, an dawo kan abin da ya kayar da Traub.

Mu masu rubutu da Hausa muna da ƙarin nauyi. Sholes don Ingilishi ya tsara allonsa, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Tsofaffin akawu sun san yadda ake gama buga takarda a bi ta da biro ana lanƙwasa wa haruffa kai, ko a manna musu waƙafi a gefe. Yanzu akwai tsarin Hausa da ake sakawa a kwamfuta da waya. In za ka koya, ka saka shi tun ranar farko, don yatsunka su haddace ƙugiya tare da sauran haruffa, kada "ƙasa" ta riƙa fito maka "kasa".

Yanzu shafa madannin F da na J a kwamfutarka. Za ka ji ɗan tudu a kan kowanne. An yi su ne don manuniyarka ta gane gida ba sai ka duba ba. Ɗora yatsunka a nan, ka yafa ɗankwali ko hankici a kan hannuwanka, ka ba abin minti goma sha biyar kullum. Kada in ruɗe ka, makonnin farko saurinka zai ragu, har ka ji kamar ka koma wa yatsa biyunka. A nan mafi yawa ke sarewa. Wanda ya daure, wata rana zai tarar yana kallon jimlarsa tana fita a gabansa, yana gyara ta tun ba ta kai aya ba, zancen jarumarsa kuma bai gudu ba. McGurrin yana da shekara 17 ya yi, da injin ƙarfe mai tauri, babu malami, babu littafi.